YA GANO, YA KAWO WA WA?

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanan baya aiki ya kai ni Sahon Rami, wani gari cikin ƙaramar hukumar Mashegu a ƙasar Kontagora, na sauka gidan wani abokina. Bayan sallar la'asar muna zaune bisa tabarma a ƙofar gida, sai ɗansa ɗan furamare ya fito da littafi yana bitar karatun jarrabawa da babbar murya, yadda yara kan yi. Yakan yi wa kansa tambaya da Turanci, ya amsa, sa'an nan ya juya da Hausa. Can sai muka ji ya ce, "Wa ya gano Kogin Kwara? Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara."

Kakan yaron yana gefe yana jan carbi. Dattijo ne wanda ya yi fataucin busasshen kifi daga Yawuri tun ba a datse ruwa a Kainji ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai yaro, ya gano, ya kawo wa wa?" Yaro ya duba littafi bai ga amsa ba. Muka yi dariya, aka shiga wata hira.

Amma da na kwanta na yi ta juya maganar a raina, sai na ga tsohon nan ba ba'a ya yi ba. Ya taɓo wani abu ne da masana harshe suka daɗe suna nazari a kai, watau yadda marubuta labaran kimiyya ke ɗaukar kalmomin tafiya da yawon bincike su bayyana ilmi da su, da kuma irin kayan da kalmomin nan ke shigowa da shi ba da sanin mai karatu ba.

WASALIN "O"

Kowane Bahaushe ya san bambancin saya da sayo, da ɗauka da ɗauko, da aika da aiko. Wasalin nan na "o" da ke ƙarshe yana nuna an yi aikin a wani wuri can, sa'an nan amfaninsa ya taho inda mai magana yake. Wani Bature malamin Hausa a Jami'ar London, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai cikin 1960, masu "o" ɗin nan su ne aji na shida. To, gano ma cikinsu take. In maigida ya ce wa yaro, "Je ka gano mini ko baƙi sun iso," nufinsa yaron ya je ya gani, ya komo da labari wurin wanda bai sani ba.

Saboda haka in an ce Mungo Park ya gano Kwara, maganar daidai ce, amma fa ga wanda yake tsaye a London. Cikin 1788 waɗansu manyan mutanen Ingila suka kafa wata ƙungiya don binciken cikin Afirka, domin sun ji labarin wani babban kogi amma ba su san ko gabas ya nufa ko yamma ba. Su ne suka aiko Park. Cikin watan Yuli 1796 ya isa bakin kogin a Segu, ƙasar Mali ta yanzu, ya ga ruwa yana gangarawa gabas. Ya koma gida, aka buga littafinsa cikin 1799. Shi da kansa ya rubuta cewa abin bai ba shi mamaki ba, gama mutanen ƙasar sun riga sun sha gaya masa haka.

Watau ya gano musu ne. Amma yaron Sahon Rami, wanda kakansa ya sha ruwan kogin nan, in ya faɗi wannan jimla sai ya zama ya ɗauke kansa daga ƙofar gidansu ya ajiye a Ingila, yana leƙen ƙasarsu daga nesa.

ILMI TAFIYA NE

Me ya sa ake magana haka? Cikin 1980 waɗansu malaman jami'a biyu na Amurka, George Lakoff masanin harshe da Mark Johnson masanin falsafa, suka fito da wani littafi wanda ya yi suna ƙwarai. Abin da suka nuna shi ne, ɗan Adam ba ya iya kama abin da ba ya gani ko taɓawa sai ya kwatanta shi da abin da jikinsa ya saba da shi, kamar tafiya da gani da ɗaukar kaya. Suka ce kwatancen nan ba adon magana ba ne kurum, da shi mutum yake yin tunanin kansa, yakan kuma haska wani gefe na abu ya rufe wani.

Duba labaran kimiyya ka gani. Kullum za ka ji masana sun kama hanyar samo magani, bincike ya yi nisa, an cim ma wani matsayi, an shiga wani fage da ba a taɓa shiga ba. Alhali kuwa mai binciken yana zaune ne a ɗaki ɗaya shekara goma yana leƙa madubin likita. Amurkawa ma har sunayen kumbunansu daga nan suke ɗauko su. Tauraron ɗan Adam na farko da suka harba cikin 1958 sunansa Explorer, watau mai yawon bincike. Akwai Pioneer na 1972, mai share hanya ke nan, da Voyager guda biyu na 1977, watau matafiya. Kumbon Endeavour kuwa sunan jirgin ruwan Kyaftin Cook aka ba shi, wanda ya bar Ingila cikin 1768 ya nufi tekun Pasifik.

Kada mai karatu ya zaci wannan dabi'ar Turawa ce kaɗai. Mu ma mukan ce wane ya yi nisa a karatu, wane ya yi zurfi, ilmi kogi ne. Yaro yakan ɗauki karatu, in ya kai ƙarshen Alƙur'ani a ce ya sauke, sai ka ce ɗan dako ya kai kaya masauki. Kalmar almajiri ma asalinta Larabci ce mai ma'anar wanda ya yi ƙaura. In mutum ya fahimta ya ce ya gane, daga gani ke nan, wanda bai sani ba kuwa a ce yana cikin duhu. Marigayi Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ta tsohon Lardin Kontagora, da ya rubuta labarin zuwansa Ingila na 1943, sunan da ya ba littafin shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Shi ne kuma tare da Dokta R. M. East suka rubuta Ikon Allah cikin 1949, don bayyana wa Hausawa halittu iri iri da harshensu. Ba don irin waɗannan kwatance ba, da wuya a iya yi wa manomi bayanin ƙwayar cuta ko tafiyar taurari. Amfaninsu ba abin musu ba ne.

ABIN DA KE ƁOYE

Sai dai kwatancen yawon bincike yakan ɓoye abubuwa. Na farko, yakan mai da labari na jarumi guda, 'yan rakiya su ɓace. A tafiyarsa ta biyu, wadda ya fara cikin 1805, wani mai suna Amadi Fatuma ne ya yi wa Park jagora cikin kwalekwale har Yawuri. Da suka rabu, Park bai yi nisa ba ya hallaka a tsakanin duwatsun Busa, wurin da tafkin Kainji ya shanye cikin 1968. Daga bakin Amadi ɗin nan ne ma Turawa suka sami labarin mutuwarsa. Haka kuma da Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato cikin 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa bayanin kogin, aka kuma ba shi taswira wadda aka buga a London cikin 1826. Yara nawa ne aka koya wa sunan Amadi Fatuma?

Na biyu ya fi wannan nauyi. In aka ce an gano wuri, sai zuciya ta ɗauka da can ba kowa a wurin, kuma wanda ya gano shi ke da shi, kamar tsintuwa. Cikin 1945 wani babban masanin Amurka, Vannevar Bush, ya rubuta wa shugaban ƙasarsu rahoto inda ya kira kimiyya bakin daji marar iyaka. Kalmar da ya zaɓa ita ce wadda Amurkawa ke kiran yammacin ƙasarsu da ita sa'ad da suke kutsawa suna kafa garuruwa, alhali dajin nan da masu shi, aka kore su.

Mu ma mun ga yadda abin ya bi da bi. Cikin 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi Kwara daga Busa har teku. Cikin 1854 Likita Baikie ya shigo da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Cikin 1886 gwamnatin Ingila ta ba Kamfanin Neja takardar izinin mulkin bakin kogin. A farkon 1901 sojan Lugard suka ci Kontagora, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ba kalma ce ta ci Kontagora ba, bindiga ce. Amma kalmar ta sa mutanen Ingila ba su ga laifin abin ba.

DAJIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Maganar ba ta tsaya ga tarihi ba. A ƙasar Maraɗi cikin 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirrai da ke fitowa cikin gonaki ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai. Ya shiga jan hankalin manoma su bar sare su, su rage rassan su bar masu ƙarfi. Aka kira dabarar sassaben zamani. Ta yaɗu daga gona zuwa gona, har masana suka ƙiyasta ta rayar da hekta wajen miliyan 5 a Jumhuriyar Nijar. Cikin 2018 aka ba shi wata babbar lambar yabo a Suwidin, ya kuwa cancanta. Jaridun duniya sukan ce ya gano daji a ƙarƙashin ƙasa. Amma barin toho ya girma tsohuwar al'adar manoman Afirka ce, kuma hannun dubban manoma ne ya yi aikin. In kullum aka nuna wa yaro cewa sani abu ne da baƙo ke zuwa da shi daga nesa, ran da ya ga wani abu a gonar ubansa ba zai ɗauke shi bakin kome ba.

To, ina mafita? Ba a ce a jefar da kalmar gano ba. Abin da ya kamata malaman makaranta da mu 'yan jarida da masu fassarar labarai a gidajen rediyo mu yi shi ne, duk sa'ad da za mu rubuta ta, mu yi wa kanmu tambayar tsohon Sahon Rami. In a ce Park ya gano wa Turawa inda Kwara ta nufa, magana ta miƙe, ba a rage shi da kome ba. Inda kuma aikin na jama'a ne, Hausa ba ta rasa waɗansu kalmomi ba. Akwai bin sawu, irin na maharba, wanda ke nuna wani ya riga ka wucewa. Akwai tono, akwai tantancewa, akwai tabbatarwa, ga kuma gwaji.

Da safe kafin in hau mota na kira yaron na ce masa, in jarrabawa ta zo ya rubuta amsar da ke cikin littafi don kada ya faɗi. Sa'an nan na yi masa tawa tambayar, na ce, wa ya gano mana Ingila? Ya yi shiru. Na ce ya je ya nemi littafin Abubakar Imam ya karanta, in na komo ya ba ni amsa. Kakansa ya ce shi ma a karanta masa.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.