Bafaranshen Da Ya Guje Wa Duniya Ya Zauna Cikin Buzaye

Idan matafiyi ya bar Agadas ya yi arewa har ya shiga ƙasar Aljeriya, zai kai wani gari cikin duwatsun Ahaggar, sunansa Tamanrasat. A can ne wani Bature Kirista ya ƙare kwanakinsa, ba mata, ba ɗa, ba dukiya. Sunansa Charles de Foucauld, ana faɗinsa Fuko. Labarinsa ya isa a tsaya a kansa.

An haife shi a ƙasar Faransa cikin 1858, a gidan masu asali da wadata. Yana da shekara shida iyayensa duka biyu suka rasu, kakansa ya rene shi. Tun yana saurayi ya yar da addini. Ya shiga makarantar hafsoshi, kuma da kakan ya rasu cikin 1878 ya ci gādo mai yawa. Nan fa ya buɗe hannu, sai ci da sha da sharholiya. Duniya kuwa budurwar wawa ce.

Bayan ya bar aikin soja, cikin 1883 ya yi shigar Bayahude ya kutsa Maroko, ya yi wata goma sha ɗaya yana zana taswira a ɓoye, har aka ba shi lambar zinariya a Faris. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ganin Musulmi, talakawa da matafiya, suna ajiye kome su tsai da salla. Ya koma gida zuciyarsa ba natsuwa. Cikin Oktoba 1886 ya je wurin wani Fada a Faris ya tuba, ya koma ga addinin iyayensa na Katolika.

Daga nan ya shiga sakin duniya kaɗan kaɗan. Ya bar wa ƙanwarsa dukiyarsa, cikin 1890 ya shiga cikin masu zaman zuhudu. Ya ga talaucin wurin bai ishe shi ba, sai ya tafi Nazarat cikin 1897 ya zama bara a gidan mata masu ibada, yana kwana cikin bukka, don ya yi koyi da zaman ƙasƙanci da Yesu Almasihu ya yi a garin. Cikin 1901 aka naɗa shi Fada, cikin 1905 kuwa ya sauka Tamanrasat, sa'an nan tana 'yar ƙauye.

To, a nan ne darasin yake. Mutumin nan ya rabu da kuɗi da muƙami, amma akwai saura: har yanzu shi ne mai bayarwa, wasu na karɓa. Cikin 1907 aka yi fari, ya rabar da abincinsa. Farkon 1908 ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Sai Buzayen nan, da su ma yunwa ta ci su, suka bi gari da daji suna neman nonon awaki suna kawo masa har ya tashi. Ranar nan ya koyi karɓa daga hannun matalauci, abin da ya fi kyauta wuya ga ɗan manya.

Ya kuma haƙura da ganin amfanin wahalarsa. Ko mutum ɗaya cikin Buzaye bai bi addininsa ba, bai kuwa sami abokin zama mai ɗorewa ba. Duk da haka ya duƙufa kan harshensu, ya tara dubban baitocin waƙoƙinsu, ya rubuta ƙamus wanda aka buga littafi huɗu bayan mutuwarsa. Gaskiya ne yana da abota da hafsoshin Faransa masu mulkin ƙasar, masana kuwa suna gardama a kan wannan har yau.

Ran 1 ga Disamba 1916 mahara suka kama shi a ƙofar gidansa, aka harbe shi. Cikin watan nan ne kuma Kawusan ya kewaye Agadas. Daga baya aka kafa ƙungiyoyin ibada masu bin tafarkinsa, kuma ran 15 ga Mayu 2022 Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyan Katolika.

Jama'a, sakin abin da ke cikin aljihu ya fi sauƙi bisa sakin abin da ke cikin zuciya, watau son girma da son a gode. Malamin da ya shuka bai ga tsiro ba, da akawun da ya yi aikin gaskiya ba wanda ya yaba, sun san nauyin wannan magana.