Bidiyon biki ya ƙi tafiya? Ki san abin da za ki rage kafin ki tura

Uwargida, an yi kamu, an yi wuni, an kai amarya, sai kuma wata hidimar ta taso: kowa na cewa a turo masa bidiyo. Gwaggo a Yakasai na jira, ƙanwarki da ke aure a Jidda na jira. Ki danna turawa, waya ta yi ta juyi, data ta ƙare bai tafi ba. In kuma kika ɗora a sitatus, sai ki ga an sare kan uwar amarya, ko jama'a sun koma 'yan mitsi-mitsi a tsakiyar baƙin allo. Ga shi tun Janairun 2025, da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100, data ta daina zama abin wasa.

Abin da muke kira rage girman bidiyo aiki biyu ne daban, kuma haɗa su ne ke ɓata mana kaya. Akwai siffa, akwai nauyi.

Siffa ita ce tsayi da faɗi. A manhajoji irin CapCut da InShot za ki ga wasu lambobi: 9:16 shi ne na tsaye, wanda ke cika allo a sitatus da TikTok, 16:9 na kwance ne irin na talabijin da YouTube, 1:1 kuma tsayinsa da faɗinsa ɗaya. Ki ɗauka tela ne aka ba shi zani aka ce ya fitar da riga. Ko dai ya yanke gefe, ko ya bar shi yadda yake. Bidiyon hawan Daushe da yaronki ya ɗauko a kwance daga ƙofar Kudu, in kika tilasta shi ya cika allon tsaye, kusan kashi biyu cikin uku na faɗinsa zai tafi, a bar ki da doki guda da rabi. Irin wannan gara ki bar shi a kwance, ki sa manhajar ta cike sama da ƙasa da launi. Kada dai ki ja hoton da yatsa ta gefe ɗaya, don nan ne fuskoki ke tsawo kamar an kalle su a bayan cokali.

Yankan nan yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Gidajenmu na cikin birni a matse suke, tsakar gida ɗaya ce, a nan ake girki, a nan ake kwalliya. Kina ɗaukar amarya, amma can gefe ga maƙwabciya ba mayafi tana tuƙa tuwo, ga wata na shayar da jariri. Ba su ce a kai su duniya ba. Ki matso da hoton da yatsu biyu har su fita daga ciki, sannan ki kalli bidiyon daga farko zuwa ƙarshe, domin mutum kan gifta a tsakiya. Haka mai sayar da turaren wuta ko alkaki daga ɗakinta: kwalba da faranti mai saye ke son gani, babu ruwansa da gadonki ko lambar gidanku.

Nauyi kuwa shi ne abin da ke cin data. Minti ɗaya da aka ɗauka a 1080p kan haura megabait 100 a wayoyi da yawa. Lokacin fitar da bidiyo daga manhaja, ki nemi inda aka rubuta 1080p ki mayar da shi 720p. Ɗigogin hoton sun ragu da fiye da rabi ke nan, amma a ƙaramin allon waya da wuya Gwaggo ta lura. Ki kuma datse farko da ƙarshe, inda babu komai sai tabarma da takalman mutane.

Sai dai duk wannan a kan kwafi ake yi. Bidiyon da aka rage ba ya komawa yadda yake, kuma WhatsApp da kansa yana matse abin da aka tura ta hanyar da aka saba. Mata da yawa kan goge na asali in waya ta cika, da tunanin ai yana cikin zauren dangi, sai bayan shekaru, wata tsohuwar da ke ciki ta riga mu gidan gaskiya, a buɗe a ga fuskarta dishi-dishi.

Ki ajiye na asali a katin memori. Idan amarya na son mai kyau, ki tura mata shi a matsayin fayil, wanda WhatsApp ke karɓa har gigabait 2 ba tare da ya taɓa ingancinsa ba. Idan kuwa nan Mandawari ko Gwammaja aka kai ta, ki bari sai ranar da kika je ganin ɗaki ku haɗa wayoyinku ta Xender, ba a cin data.