Motocin kat-kat: abin da ke kayar da su a hanyoyin Nijar, da inda taimakon kamfani ya tsaya

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta a Nijar ya san darajar kat-kat. Ita ce ke ɗauko mai naƙuda daga gidan likitan ƙauye zuwa babban asibiti, ita ce ke kai ƴan kasuwa Dakwaro da Abalak, ita ce kuma ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma. Idan mota ta mutu a cikin Yamai ko Maraɗi, lokaci da kuɗi kawai aka yi asara. A sahara kuwa rai ake magana. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga kudancin jihar Damagaram, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace a hanyar Aljeriya.

Mafi yawan abin da ke kayar da kat-kat a ƙasar nan bai fito daga masana'anta ba. Ƙura ce, da zafi, da gurɓataccen mai, da lodi fiye da ƙima. Shi kuwa taimakon kamfanin da ya ƙera motar ya danganta ne da ƙofar da ta shigo ƙasar, abin da masu saye da yawa ba sa ganewa sai ranar da suka je neman gyara.

Tsohon inji da sabo

Motoci biyu na kamfanin Toyota suka fi yawa a dajin Nijar: Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito a 1984. Direbobin sahara sun daɗe da amincewa da injin nan mai suna 1HZ, na gazuwal, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ba shi da gudu sosai, amma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, kuma bakanike na gari yana iya kwance shi ya mayar da kayan aikin da ke cikin akwatinsa.

Sababbin injuna sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, amma kwamfuta ce ke tafiyar da su. Suna tura gazuwal da matsin da ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, ta cikin ramuka masu kusan kaurin silin gashi. Abin da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, sabon ba ya yafe shi.

Ƙura da gurɓataccen mai

Ƙurar hunturu da ta hanyar burji tana shiga inji ne ta hanyar iska. Filtir ɗin iska takarda ce, kuma al'adar busa ta da iska mai ƙarfi a garaji tana iya huda ta ba tare da ido ya gani ba. Daga nan rairayi mai laushi zai riƙa wucewa yana cin bangon silinda sannu a hankali. Alamar farko ita ce inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi. A irin wannan yanayi littafin mota kan rage tazarar juyen baƙin mai, galibi zuwa kilomita 5,000.

Man da ake saye a kwalba ko a bido a bakin hanya shi ma yana da nasa haɗari. Gangar da ta kwana a waje tana tara raɓa da tsatsa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya lalata famfo da allurorin feshin mai na sabon inji, waɗanda suna cikin kayan gyara mafi tsada a jikin motar. Motocin gazuwal suna da wata fitila da ke kamawa idan ruwa ya taru a ƙasan filtir ɗin mai. Direban da ya ci gaba da tafiya bayan ta kama yana sayen babban gyara da hannunsa, alhali tsiyaye ruwan bai wuce aikin ƴan mintoci ba.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanci motocin hannu da ake kawowa daga Turai. Tun wajen 2009 dokokin can suka sa motocin gazuwal ɗaukar wata matattara a cikin bututun hayaƙi, wadda ake kira FAP da Faransanci. Tana tare baƙin hayaƙi, sannan ta ƙone shi da zafin da ya kai kusan digiri 600 idan mota ta yi doguwar tafiya da gudu. An ƙera ta ne don gazuwal mai ƙarancin sinadarin sulfa irin wanda ake sayarwa a Turai. Gajerun tafiye-tafiye cikin gari da man da bai dace ba suna toshe ta, sai kwamfuta ta rage wa mota ƙarfi, ta koma tafiyar hawainiya a tsakiyar hanya.

Zafi, lodi da ruwan damina

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a yawancin jihohi, kuma tafiya cikin rairayi da ƙaramar giya tana sa inji aiki sosai ba tare da iska ta ratsa radiyato yadda ya kamata ba. Ruwan rijiya da ake zubawa a madadin ruwan sanyaya inji yana barin gishiri da tsatsa a cikin ƙananan bututu. Bayan damina kuma ƴaƴan ciyawa suna like gaban radiyato. Inji ɗaya da ya tafasa sau ɗaya yana iya lanƙwasa kansa, kuma wannan gyara ne na kwanaki.

Hilux an ƙera ta ne don ɗaukar kimanin tan 1, har da direba da fasinja. Ranar kasuwa ana ɗora mata buhunan gero da awaki da mutane a sama. A kan hanya mai gargada kamar wasu sassan hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wannan nauyi ne ke karya sifirin, ya tsage shasi, ya sa birki ya yi zafi ya daina kamawa. Taya ma haka: ana rage mata iska don ta hau rairayi, amma idan aka koma kwalta ba a mayar da iskar ba, sai ta yi zafi ta fashe. Kowace taya tana ɗauke da lambobi 4 a gefenta da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar hannu tana iya kasancewa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne barin giyar ƙafa huɗu a kan kwalta. A Hilux da Land Cruiser 70 wannan giya ta rairayi da laka ce. A busasshiyar kwalta tayoyin gaba da na baya ba sa samun damar zamewa, sai ƙarfin ya koma yana murɗe ƙarafan ƙarƙashin mota har wani ya karye. Da damina kuma, tsallaka ƙorama yana shigar da ruwa cikin akwatin giya da na ƙafafu. Man da ya koma launin madara shaida ce cewa ruwa ya shiga. Idan kuwa inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, nan take yake tsayawa, sau da yawa da karyayyen ƙarfe a ciki.

Abin da garanti ke ɗauka

Wakilin Toyota a Nijar shi ne kamfanin CFAO, mai reshe a Yamai, wanda Toyota Tsusho na Japan ya sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2012. Sabuwar motar da aka saya ta hannun wakili tana zuwa da garanti, galibi na shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Haka kuma an zaɓo ta ne daga samfurin da aka tanadar wa ƙasashe masu zafi da ƙura.

Garanti na ɗaukar aibin ƙira ne kawai. Ba ya ɗaukar abin da amfani ke cinyewa, kamar taya da birki da filtir. Ba ya ɗaukar ɓarnar gurɓataccen mai, ko ta lodi, ko ta ruwa. Yana kuma iya faɗuwa idan ba a yi bitar mota a kan lokaci a garajin da kamfani ya amince da shi ba, ko aka sa mata kayan gyara na jabu. Ga mai mota a Damagaram, wanda ke da kusan kilomita 900 tsakaninsa da Yamai, wannan sharaɗi abin tambaya ne tun kafin a sa hannu: a ina za a riƙa yin bitar, kuma wa zai ɗauki nauyin kai motar idan ta mutu a daji?

Sai dai yawancin kat-kat da ke hannun ƴan kasuwa da masu sufuri ba ta wannan ƙofa suka shigo ba. Motocin hannu ne da aka sauke a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, ko aka sayo daga Dubai. Garantinsu ya daɗe da ƙarewa, ko kuma na wata nahiya ne. Ko kayan gyaransu ma kan bambanta da na samfurin Afirka, duk da cewa suna da kama a ido.

Idan laifin na kamfani ne

Wani lokaci aibin daga masana'anta yake, kuma a nan ne kamfani ke kiran motoci a dawo da su don gyara kyauta. Mafi girman irin wannan kira shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, wadda ke kumbura don kare direba lokacin haɗari. An gano cewa zafi da laima suna lalata sinadarin da ke cikinta, har ta fashe ta watsa ƙarafa a fuskar wanda ya kamata ta kare. Lamarin ya shafi kimanin jaka miliyon 100 a duniya, a motocin Toyota da Honda da Nissan da Ford da wasu, kuma kamfanin Takata ya karye a 2017.

A Ostareliya kuwa masu Hilux da Prado da Fortuner ne suka haɗu suka kai Toyota kotu kan matattarar hayaƙin da ba ta aiki daidai. A 2022 kotun tarayya ta ba su gaskiya a shari'ar da ta shafi motoci sama da 260,000 da aka sayar tsakanin 2015 da 2020. Abin da ya taimake su shi ne dokar kare masu saye.

Kiran gyara ba ya ƙarewa kamar garanti, domin lambar shasi yake bi, ko da motar ta sauya hannu sau biyar. Matsalar ita ce wasiƙar kamfani tana zuwa ne adireshin mai motar a ƙasar da aka fara sayar da ita. Motar da ta bar Beljiyam ko Amurka ta iso Tawa, babu wanda zai nemo sabon mai ita. Shi ne zai nema da kansa. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 a yawancin motoci, tana rubuce a takardar mota da jikin ƙofar direba ko ƙasan gilashin gaba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet da ake sa lambar kyauta a ga ko akwai kiran da ba a amsa ba, kuma manyan kamfanoni suna da irinsa don motocin Turai. Wanda ya ga motarsa a ciki sai ya kai lambar wurin wakilin kamfanin ya tambayi yadda za a yi.

Kafin a biya kuɗi

Mai niyyar sayen kat-kat ta hannu yana da abubuwa kaɗan da zai duba waɗanda ba sa cin ko dala. Ya gwada lambar shasin da ke takarda da wadda ke jikin ƙarfe. Ya tambayi ƙasar da aka ƙera motar dominta, kuma ko tana da matattarar hayaƙi. Ya sa a tada injin da sanyin safiya, kafin ya ɗumama ya ɓoye hayaƙinsa. Ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi ko akwai walda. Idan injin mai bel ne, kamar 1HZ, ya sauya bel ɗin da ke daidaita bugun inji da zarar ya saya, domin wa'adinsa na tsakanin kilomita 100,000 da 150,000 ne, kuma tsinkewarsa na lalata inji gaba ɗaya. Sannan ya tambayi bakaniken garinsu ko yana da na'urar karanta kwamfutar wannan samfurin, da inda ake samun kayan gyaransa.

Ga mai shiga sahara kuma, dokar tsofaffin direbobin Agadas tana nan yadda take: ba a tafiya da mota ɗaya, ana ɗaukar filtir da bel da taya biyu na ajiya, ana kuma ɗaukar ruwan sha na kwanakin da suka fi na tafiyar.