Ɓacewar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Manhajar XeTeX: Bin Diddigin Matsala

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wata matsala da na ci karo da ita a Lafiya, inda aiki ya kawo ni, yayin da nake shirya jerin kalmomin Hausa da na tattaro a Arikya domin bugawa. Na yi amfani da XeTeX, manhajar da kowa ke da damar duba cikinta ya gyara, wadda Jonathan Kew ya fitar a 2004 bisa harsashin TeX ta Donald Knuth. Aikinta irin na tafinta ne: takan karanta umarnin marubuci ta mayar da shi shafi. Da shafin ya fito sai ga ɗaki ya koma aki, ɓera ya koma era, alhali ƙafa tana nan daram. Ga manazarcin tsarin sauti wannan ɓarna ce babba, domin baƙi guda ne ya raba fada da faɗa.

2.0 Bin Diddigi

Da farko na ɗora wa tafintan laifi, har na fara shirin kai ƙorafi ga masu kula da manhajar. Amma ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a rage rubutun har sai ya saura mafi ƙanƙantar abin da ke haifar da matsalar. Na rage shi zuwa baƙaƙe uku: ɓ, ɗ, ƙ. Biyu suka ɓace. Na sauya samfurin haruffa zuwa Charis SIL ba tare da taɓa komai ba, sai duk ukun suka bayyana. Ashe tafinta ba shi da laifi.

Abin lura a nan shi ne, tsarin Unicode bai ajiye baƙaƙenmu a zaure ɗaya ba. Ƙaramin ƙ (U+0199) yana rukunin ƙarin haruffan Latin, amma ɓ (U+0253) da ɗ (U+0257) suna rukunin alamomin furuci na IPA. Mai zana haruffa yana iya ɗaukar wancan rukuni ya bar wannan, musamman idan bai taɓa ganin rubutun Hausa ba. XeTeX kuwa, idan ta rasa harafi, takan tsallake shi ta ci gaba, sai dai ta rubuta gargaɗi a fayil ɗin rahoto, wanda a gaskiya kaɗan ne daga cikinmu ke buɗewa. Tun 2021 ana iya sanya \tracinglostchars=3 a farkon rubutu, domin ta tsaya cak duk inda harafi ya ɓace.