Ko Ka San Inda Ake Ɗaure Igiyar Jan Jirgin Ruwa?

Ko ka san jirgin ruwa da gindi yake karya kwana? Mota da goshi take juyawa, tayoyin gaba su karkata, na baya su bi sahu. Jirgi mai inji kuwa, matuƙi ne ke karkatar da injin, farfela ta ture gindin jirgin gefe guda, sai goshin ya fuskanci ɗaya gefen. Idan yana tafiya gaba, wurin da yake juyawa a kai yana wajen sulusin tsawonsa daga goshi. Wannan ɗan abu shi ke yanke hukuncin inda za a ɗaure igiya duk ranar da jirgi zai ja wani abu a bayansa.

A Gaya ta Jamhuriyar Nijar wannan magana ce ta rai da dukiya. Garin yana gaɓar kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke ce wa Kwara, Malanville ta ƙasar Benin tana tsallake, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana nan kusa ta gabas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, fito ya koma hannun masu kwale-kwale: buhuna, jarkoki, babura, mata da goyo, duk ta ruwa. Inda jirage suka yi yawa haka, dole wata rana injin wani ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa ya fara tafiya da shi, ɗan'uwansa ya matso ya jefa masa igiya. To, a ina za a ɗaure ta?

Hannu yakan kai ga abin da ya fi kusa, wato kusurwa ɗaya ta gindin jirgi, ko katakon zama, ko wani ƙarfe da aka kafa da ƙusa biyu don ɗaure jirgi a gaɓa. Duka ukun tarko ne. Igiyar da ke kusurwa ɗaya za ta riƙa fizgo gindin gefe guda, matuƙi ya wuni yana kokawa da inji, jirgi na tafiya a karkace kamar jakin da aka yi wa lodi ɓari ɗaya. Katakon zama da ƙaramin ƙarfe kuwa ba a yi su don wannan nauyi ba. Idan suka ɓalle, ba ruwa suke faɗawa ba, igiya ce ke harbo su kamar dutsen majajjawa, kuma akwai mutane a ɗaya jirgin.

Dabarar da ta dace tana kama da linzamin doki. A sami gajeriyar igiya mai ƙarfi, a ɗaure bakinta ɗaya a dama, ɗaya a hagu, a jikin katakon da ke riƙe da ƙirar jirgin kanta, ta zagayo ta bayan inji ba tare da ta taɓa shi ba. Sai doguwar igiyar ta kama ta a tsakiya da zobe mai zamewa. Nauyi ya rabu gida biyu ke nan, ja ya dawo tsakiya, kuma idan matuƙi ya juya, zoben ya zame ya bar gindin ya motsa. In da hali, gara ma a matso da maɗaurin gaban inji kaɗan. Dubi ƙananan jiragen nan masu ƙarfi da ke jan manyan jiragen dakon kaya a tashoshin Kwatano da Legas. Ƙugiyarsu tana kusa da tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, bayansu kuma a share yake don igiya ta yi shawagi dama da hagu. Da a can ƙarshen gindi aka ɗaure ta, da ta riƙe gindin ƙam, jirgi ya ƙi jin matuƙi.

Shi kuma wanda ake ja, a goshinsa ake ɗaurewa, ƙasa kusa da ruwa, don igiya ta riƙa ɗaga masa hanci. Fasinjoji su ja baya kaɗan, su zauna, a ɗage mataccen injin daga ruwa. Kwale-kwalen da hancinsa ya nitse ba ya bin bayan mai jansa, sai ya riƙa zillewa, yanzu dama, an jima hagu, har igiya ta koma jansa ta haƙarƙari. A nan ake kifewa. Jirginmu siriri ne, dogo, kuma sau da yawa lodi ya kai shi har tazarar bakinsa da ruwa ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kusa da ginshiƙan gada lokacin da kogi ya cika, ko da jan ruwan damina na Agusta da Satumba, ko da ruwan Gini da ke isowa cikin hunturu: doguwar igiya tana iya barin jirgi ɗaya ya bi ta wannan gefen ginshiƙi, ɗaya ta wancan. Kafin a isa wurin ake rage tsawonta.

Masu wasan zamiya a kan ruwa ma wannan lissafi suke bi. A shekarar 1922 wani saurayi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, ya ɗaura fale-falen katako biyu a ƙafa a tafkin Pepin na jihar Minnesota a Amurka, jirgi ya ja shi har ya miƙe tsaye a kan ruwa. Yau jiragen da ake ƙerawa don wannan wasa suna da turken ƙarfe a tsakiyarsu, igiyar kuma takan kai wajen mita 23. Ɗan wasa yana yanka dama da hagu da ƙarfin gaske, kuma turken tsakiya ne ke hana shi wujijjiga gindin jirgin. Masu son tsalle sukan ɗaure tasu a wani dogon ƙarfe sama da kan matuƙi, don ja ya zo musu daga sama. Amma robar da ake hura wa iska yara su hau, ƙasa ake ɗaure ta, a zobban gindi. Idan ta cusa kai cikin ruwa, nauyinta yakan ninka nan take, kuma irin wannan fizga daga sama tana iya karya ƙarfen ko ta karkatar da jirgin.

Ita ma igiyar da irinta. Masu wasa suna zaɓar mai tasowa saman ruwa don kada ta naɗe farfela. Ta nailan tana nitsewa, tana kuma miƙewa kamar danƙo, abin da ke sassauta fizga, amma in ta tsinke sai ta dawo kamar bulala. Don haka ba a zama a saitinta, ba a naɗe ta a hannu ko a ƙugu, ba a kuma zuba wa inji wuta sai ta miƙe a hankali.

Sai kuma a sami mutum ɗaya a jirgin da ke ja wanda aikinsa kawai ya juya wa goshi baya ya zuba wa igiya ido, domin matuƙi gabansa yake kallo. A ƙaramin kwale-kwale, maimakon ƙulli mai wuyar kwancewa, gara a naɗa igiyar sau biyu ko uku a katako mai ƙarfi, wannan mutumin ya riƙe jelarta, wuƙa mai kaifi na ajiye kusa da gwiwarsa. Da ya ga jirgin baya ya fara shan ruwa, ko igiya ta koma ja ta gefe, ya yi wa matuƙi magana ya rage wuta, in abin ya ƙi ya sake ta, a zagayo a kwashi mutane da jirgin da ya rage a tsaye.