Ɗanyen Kifi Da Buhun Shinkafa: Wa Zai Fara Wucewa A Intanet?

Kana kiran gida ta WhatsApp, murya tana tsinkewa, ka yi sallama sai ka fara wata magana sannan amsar ta iso. Amma a wayar nan ɗaya bidiyo yana sauka lafiya lau. Mukan ce "babu sabis". Sau da yawa sabis yana nan, layi ne ya yi tsawo kuma ba wanda ya tsara shi.

Duk abin da ke bi ta intanet sai an yayyanka shi ƙananan ƙunshi da ake kira fakiti. Murya yawanci ana ɗaure ta duk milisakan 20, fakiti 50 ke nan a sakan ɗaya, 'yan mitsi-mitsi. Na bidiyo ko fayil kuwa yakan kai bayit 1,500. A hanyar da ke ɗaukar megabit ɗaya a sakan, irin wannan fakiti zai ci milisakan 12 kafin ya fita daga rauta. In goma ne a gaban muryarka, ka yi tsayuwar milisakan 120 a wuri ɗaya tak. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta mai lamba G.114, ta nuna cewa hira tana daɗi in jinkiri daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, in ya haura 400 kuwa ta lalace.

Ni ɗan Guri ne, don haka da kwalekwale nake fahimtar abin. Idan kogin Haɗeja ya cika fadama ya yanke hanya, kowa sai ya jira mai fito. Ga mai ɗanyen kifi, ga mai buhunan shinkafa, ga mai kai mara lafiya asibiti. In mai fito ya ce wanda ya riga zuwa shi zai riga hawa, a ido adalci ne, amma shinkafa ko ta kwana ba abin da zai same ta, kifi kuwa da rana ta take ya fara wari. Wannan shi ne tsarin da rauta ke bi in ba a saita ta ba. Kuma kwalekwalen da ya bar gaɓa ba ya juyowa: fakitin da aka fara aikawa sai ya gama fita.

To, sai a ce masu gaggawa su fara hawa ko da yaushe. Hakan yana aiki, har ranar da kowa ya ce shi ma kifi ya ɗauko. Mai shinkafa zai kwana uku a bakin ruwa. Shi ya sa ake saka wa layin gaggawa iyaka. A 1989 Demers da Keshav da Shenker suka fito da wata dabara: kowane layi a ba shi rabonsa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, wani ya samu wuri uku a kowane sahu, wani ɗaya, amma ba wanda za a manta da shi.

Wadda ta fi burge ni ita ce wadda Dovrolis da abokan aikinsa suka yi nazari a kai a 1999. Ana ninka tsawon jiran fakiti da darajar ajinsa, mai babbar lamba ya wuce. In darajar murya 4 ce ta fayil 1, fayil ɗin da ya jira milisakan 41 zai sha gaban muryar da ta jira 10. Da haka, idan cunkoso ya yi tsanani, jinkirin wani aji zai kasance kusan rubu'in na wani. Sai dai fa a sani, tsara layi ba ya ƙara girman kwalekwale. Abin da aka rage wa murya, wani ne ya biya shi.

Ta yaya rauta ke gane kifi daga shinkafa? A kan kowane fakiti akwai bit 6 da aka ware tun 1998 don saka alama, kuma lamba 46 ce aka saba bai wa murya. A 4G ma akwai aji-aji: kiran murya na kamfanin waya yana aji na 1, da ma'aunin jinkiri milisakan 100, datar yau da kullum kuwa tana aji na 8 ko 9, milisakan 300. Kiran WhatsApp galibi cikin wannan na ƙarshen yake tafiya, tare da TikTok ɗin maƙwabcinka.

Saboda haka in ana ruwa kana son jin halin da gida ke ciki, tsayar da duk abin da kake saukewa, ka kashe kyamara, in ya ƙi ka yi kiran kati. Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, duk lokacin da za a je neman a ƙara mana intanet, a haɗa da tambayar ko an ware wa darasin kai tsaye layinsa daban da na masu sauke fim, domin saiti ne a rauta, ba sai an jawo sabuwar waya ba.