Shin Ko Kun San? Injin Wasa Ɗaya, Suna Biyu

Shin ko kun san doka ce ta sa kamfanonin Amurka suka riƙa ƙera injin fimbol iri biyu? Fimbol dai shi ne teburin wasan nan mai rufin gilashi, wanda ake jefa masa kwabo a harba ƙwallon ƙarfe, a yi ta tare ta da 'yan fikafikai biyu kada ta zurma rami.

Asali idan maki ya kai, injin kan buga wata ƙara, ƙwas, alamar an ci wasan kyauta. To, a nan gizo ke saƙa. Hukumomi suka ce wasan kyauta abu ne mai daraja, tunda mai shago na iya biyan mutum kuɗi a madadinsa, don haka caca ce. A birnin New York ma an haramta fimbol ɗungurungum a 1942, zamanin magajin gari Fiorello LaGuardia, ba a ɗage ba sai 1976.

Shin ko kun san kamfanin Gottlieb na Chicago ne ya samo mafita? A 1960 ya fito da injin Flipper: idan ka yi bajinta, ƙwallo ɗaya za a ƙara maka cikin wasan da kake yi. Babu abin sayarwa, balle a ce caca.

Daga nan aka shiga yin tagwaye. Buckaroo na 1965 wasan kyauta yake bayarwa, ɗan'uwansa Cow Poke kuma ƙarin ƙwallo. Haka King of Diamonds da Diamond Jack a 1967, da El Dorado da Gold Strike a 1975. Filin wasan kusan ɗaya ne, ƙa'idar ce daban. Masu ƙarin ƙwallo sun fi zuwa wurare masu tsaurin doka irin su jihar Wisconsin, da kuma Italiya.

Wanne ya fi? Masu tara tsofaffin injuna har yau suna musu. A shago, wasan kyauta na nufin kwabonka ya tsira. Amma wanda ya ajiye injin a ɗakinsa ba ya biyan ko sisi, to wasan kyauta na me? Mai ƙarin ƙwallo kuwa, gwani kan ja wasan ƙwallo biyar ya yi tsawo, yana ci ana ƙara masa. In don gida ne, ni dai shi zan ɗauka.